Injin jirgin ruwa a garejin Kawu: yadda aikina na man juye ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Malam ya sa hannu a kan tofik ɗina jiya, don haka daga yau duk abin da na yi zan riƙa zuba shi a nan, har da kuɗin da na kashe, saboda kar ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, in tsaya ina kame-kame. Aikin a kan man juye ne na manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda yanzu inji ɗaya yake shan mai kala biyu ko uku. Na san abin da za ku ce, ɗan Zariya me ya haɗa ka da teku. Kawu ma da na same shi a garejinsa na Sabon Gari dariya ya yi, yace "Injiniya, a Galma za ka tuƙa jirgin ko a Kubanni?"

Amma fa injin waɗannan jirage ba wani aljani bane. Yawancinsu injin dizal ne mai bugu huɗu yake juya janareta, wutar ita ke juya farfela kuma ita ke riƙe da ɗakuna da kicin da AC na dubban mutane. Girma ne kawai ya bambanta su da na unguwa. Icon of the Seas da ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024 injuna shida gare shi na kamfanin Wärtsilä, samfurin 46DF, faɗin silinda ɗaya santimita 46, kuma suna iya tafiya da iskar gas ko da dizal.

Shirina shi ne in samu ƙaramin injin dizal mai silinda ɗaya irin na nika, in haɗa masa layin iskar gas, in riƙa canja masa mai ina duba abin da ke faruwa da man juyen.

Laraba, 15 ga Janairu

An samu inji na hannu wajen wani mai nika da ya tashi daga sana'ar a Tudun Wada. Ya fara da dubu 230, Kawu ya yi ta jan shi har muka tsaya a 185,000. Keke napep zuwa gareji 3,500. Altaneta aro Kawu ya ba ni, Allah ya saka.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau karatu kawai na yi, kuma bari in rubuta shi yadda na fahimta tun kan ya tsere min.

Tushen matsalar sulfa ce. Baƙin man nan mai kauri da jirage suka daɗe suna sha, wanda shi ne ragowar matata kuma sai an ɗumama shi ya wuce digiri 100 kafin ya bi ta nozul, cike yake da sulfa. In ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa sai ta koma asid, asid ɗin nan ya kwanta a jikin silinda yana cin ƙarfe. Shi ya sa ake zuba wa man juye sinadarin kalsiyam da zai kashe asid ɗin, kuma yawan ƙarfin kashewar shi ake aunawa da lambar BN. Kamar kanwa ce a miyar yakuwa, in tsami ya yi yawa dole ki ƙara, in kuwa babu tsami kika zuba da yawa to miyar kika ɓata. Kalsiyam ɗin da bai samu asid ɗin da zai kashe ba baya ɓacewa, ƙonewa yake ya zama toka ya daskare a kan fistin da bawul, kuma a injin da ke kan iskar gas wannan tokar in ta yi zafi tana iya kunna wutar kafin lokacinta, inji ya fara ƙwanƙwasa.

Lambobin da masu ƙera injin ke bayarwa kusan haka suke: baƙin mai, BN 30 zuwa 55. Farin dizal, wajen 10 zuwa 20. Iskar gas zalla, 4 zuwa 7, mai ƙarancin toka. Kuma ba a cewa a cire tokar gaba ɗaya a huta, don in ta yi kaɗan sosai bawul ya riƙa cin mazauninsa, ita ce ke ɗan yi masa shimfiɗa.

To me ya sa jirgi zai riƙa canja mai tun farko? Doka. Hukumar IMO mai kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta sauko da iyakar sulfa daga kashi 3.5 cikin 100 zuwa 0.5 tun 1 ga Janairun 2020. Akwai kuma yankuna masu tsauri, Tekun Baltik, Tekun Arewa, gaɓar Amurka da Kanada, inda iyakar 0.1 ce tun 2015, kuma Bahar Rum zai bi sahu ranar 1 ga Mayun 2025. Jiragen shaƙatawa kuwa nan ne kasuwarsu. Wasu suka saka na'urar wanke hayaƙi suka ci gaba da baƙin mai, wasu suka koma farin dizal, wasu LNG, wato iskar gas da aka sanyaya ta zama ruwa. AIDAnova da Meyer Werft suka ƙera a Jamus aka miƙa a Disambar 2018 shi ne na farko a irinsu da ke iya tafiya da LNG a teku da tasha duka.

Abin da ya fi jan hankalina kuma shi ne zuciyar aikin: manyan jiragen dakon kaya masu inji mai bugu biyu, man silinda daban man ƙasa daban, in sun canja mai sai kawai su juya zuwa wani tankin man silinda. Inji mai bugu huɗu ba shi da wannan gatan. Mai ɗaya ne ke wanke kiranshaf da biyarin kuma shi ke fantsama jikin silinda, kuma tan da yawa ne a cikin tanki, ba wanda zai juye shi don kawai an shiga Bahar Rum da safe. Dole mai ɗaya ya zauna da kowane irin abinci aka ba injin.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun kwance injin mun wanke. Ringi sabo 9,000, gaskit 4,500, filta 3,000. Mai walda ya yi mana tebur na ƙarfe da ɗan bututun da gas zai shiga ta bayan filtar iska, 15,000. Regileta da tiyo da kilif 22,000. Na ɗauki hoton kan fistin da bawul suna tas, da su zan riƙa kwatantawa.

Kawu ya kalli takardar da na rubuta man da nake nema yace shi dai a saninsa mai in yana da kauri yana da yauƙi to ya yi. Nace Kawu duka ukun da nake nema kaurinsu ɗaya, SAE 40 ne, bambancin a cikin sinadarin yake. Yace to mu gani a ƙasa.

Talata, 28 ga Janairu

Gwajin farko da dizal zalla. Ya tashi lafiya. Lodi hita biyu ne da ƙwayayen fitila. Dizal lita 25, 33,000.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Wannan satin ya ɓaci, kuma man juye ne ya ɓata shi tun kafin in fara gwada shi.

Na sayi galan na lita biyar a wani shago, 21,000, da hatiminsa da komai. Kafin in zuba nace bari in yi gwajin ɗigo, wato ka ɗiga mai a farar takardar tacewa ka bar shi ya bazu. Sabon mai in ya bazu zobe ne mai haske tas. Wannan da gari ya waye sai ga baƙin ɗigo a tsakiya da wani zagaye ruwan ƙasa. Na ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi sai ga shi yana tsatsat, alamar akwai ruwa kenan. Tsohon mai ne aka tace aka zuba a galan mai kyau. Na koma da takardar a hannuna, mai shagon yace shi ma haka aka kawo masa, bai buɗe ba, kuma tunda na fasa hatimi ba ya karɓa. Muka yi ta yi har maƙwabtansa suka taru, ƙarshe ya dawo min da dubu 10, sauran na bar shi da Allah.

Abin da ya dame ni ba kuɗin bane kawai. Mutum nawa ne ke zuba irin wannan a janaretan da suka saya da miliyoyi, in ya yi nokin su ce bakanike ne bai iya ba? A jirgin ruwa ba a ma juye da kalanda. Man yana zagayawa ta injin tacewa mai juyi da gudu, ana ɗumama shi wajen digiri 90 zuwa 95 don ruwa da dauɗa su rabu da shi, ana ƙara sabo a kan wanda ya ƙone, lokaci-lokaci a ɗebi samfur a kai lab a auna BN da kauri da ruwa da ƙarfen da ya goge a ciki. Sakamakon ne ke cewa a juye ko a bari. Mu nan da yatsa biyu muke aunawa.

Na sake sayen wani wajen babban dila, 24,500. Ɗigonsa ya fito tas.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau muka buɗe gas. Tukunyar girki ce mai kilo 12.5, cikawa 16,500. Mun ajiye ta a waje nesa da salansa, na bi duk mahaɗa da ruwan omo ko akwai yoyo, ga abin kashe gobara a gefe, don Kawu yace in ba haka ba ba a garejinsa ba.

Da farko abin gwanin sha'awa, kana buɗe gas kaɗan sai gwamna, wato na'urar daidaita gudun inji, ta rage dizal da kanta, hayaƙi ya washe, har yaran gareji suka fara tafi. Da na ƙara buɗewa ga lodi cike sai ƙarar ta canja, ƙwas ƙwas ƙwas kamar... kai ba sai na kwatanta ba, Kawu daga can ƙarƙashin wata mota ya ɗaga murya "rufe! rufe!" Kafin in rufe ruwan tankin sama ya fara kumfa. Gaskit ɗin tof silinda ya tafi.

Na kira Malam da yamma na faɗa masa. Yace ai dama, gas ɗin girki furofen da biyuten ne, ba ya jure matsi kamar mitan, LNG kuwa kusan duka mitan ne da aka sanyaya zuwa digiri 162 ƙasa da sifili. Sannan injin jirgin tun a zane aka rage masa matsi, kowace silinda da na'urar jin ƙwanƙwasa, kwamfuta na daidaita iska da gas, dizal ɗin da ake fesawa don kunna wuta bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba, in abu ya rikice injin da kansa yake komawa dizal ba tare da ya tsaya ba. Nawa injin nika ne mai matsin dizal cikakke. Yace in tsaya a kaso kaɗan na gas, in rubuta wannan iyakar ƙarara a rahoto, kar in yi da'awar na kwaikwayi jirgi. Nace to Malam.

Gaskit 4,500 kuma, da goge fuskar tof ɗin 6,000.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An haɗa. Na yi wa makunnin gas alama da jan fenti inda ba a wucewa. Awa huɗu yau ba matsala.

Man jirgi mai BN 40 da wani yayan abokina da ke aiki a tashar jirage a Legas ya ɗebar min lita biyar har yanzu yana hanya, direban yace motar ta lalace bayan Mokwa. Kuɗin aike 7,000 na riga na biya.

Talata, 18 ga Fabrairu

Wata sabuwa. Na ja sandar awo na ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma yana warin dizal. Muka cire nozul sai ga bakinsa ya yi baƙin ƙirin ya daskare, ba feshi yake ba ɗiga yake. Dalilin yana da ban sha'awa ko da ya ci min kuɗi: dizal ɗin da ke wucewa ta nozul shi ke sanyaya bakinsa, da gas ya karɓi wani kaso na aikin sai dizal ya ragu amma zafin ɗakin ƙonewa yana nan, sai bakin ya gasu. Dizal ɗin da bai ƙone ba ya bi jikin silinda ya gangara cikin man juye ya tsinka shi.

Ke nan samfurin da na ɗiba ranar Lahadi ba shi da amfani, ba zan iya cewa gas ne ya canja man ba alhali dizal ya shiga ciki. Na juye, na zuba sabo, an koma sifili. Nozul 11,000.

A nan na ƙara gane dalilin da ya sa lab ɗin jirage ke auna zafin da mai ke kama wuta, ba kauri kaɗai ba. Baƙin mai in ya zubo cikin man juye kauri yake ƙara masa ya kawo baƙar laka, farin dizal kuwa tsinka shi yake. Jirgin da ke shan duka biyun, ɗaya na iya rufa wa ɗaya asiri, ka auna kauri ka ga daidai alhali man ya gurɓata ta fuska biyu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Man Legas ya iso, jarkar ta ɗan yi yoyo amma abin da ya rage zai isa. Shi kuma mai ƙarancin toka na injin gas a Kaduna na samo, wajen masu gyaran manyan janareta, lita huɗu 30,000. Tsada wallahi.

Hazo ya dawo da ƙarfi tun shekaranjiya, daga Kwangila ba ka hango gaba sosai. Na zagaye injin da buhu na ƙara soso a bakin filta.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sakamakon samfur biyu na farko ya dawo daga wani lab a Kaduna, 12,000 kowanne. BN ya sauka kaɗan a duka biyun, na dizal zalla ya fi sauka da ɗan abu, wanda dama haka ake zato tunda gas ba shi da sulfar kirki. Amma abin da ya fi fitowa a takardar silikon ne da ƙarfe, wato ƙurar hunturu ta shiga tana goge ringi. Matsalar da injiniyan jirgi bai cika sani ba kenan, shi gishiri da danshi ne abokan faɗansa.

Malam ya duba yace bambancin BN ɗin ya yi ƙanƙanta, yana iya zama kuskuren awo ne kawai, kar in gina babi a kansa. Gaskiya ne, inji mai awanni kaɗan da dizal ɗin gidan mai ba zai cinye BN ba. Baƙin man jirgi kuwa ko na same shi wannan ƙaramin famfon ba zai iya tura shi ba. Shawarar da ya bayar ita ce a raba aikin biyu. Ɓangaren asid a yi shi a kan tebur, a riƙa ɗiga asid mai rauni a cikin man guda uku a ga wanda ya fi jurewa. Ɓangaren toka shi za a yi a inji, a zuba BN 40 a tafi da gas, a buɗe a duba fistin, sannan a maimaita da mai ƙarancin toka.

Ra'ayina dai, kuma zan kare shi ranar difens, masu tallan da ke cewa ga mai ɗaya da ya dace da kowane irin makamashi suna faɗin rabin magana ne. Abin da ake yi a zahiri sulhu ne. Injiniya ya duba wane mai jirgin ya fi daɗewa a kai da kuma mafi sulfar da zai sha, ya zaɓi BN a kan haka, ya yarda zai yi asara ta wani gefen, sai ya riƙa bin abin da awo. Jirgin LNG da farin dizal ne kawai madadinsa ya huta, mai matsakaici ya ishe shi. Wanda ke tsalle tsakanin baƙin mai da gas shi ne a tsaka mai wuya.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan asuba zuwa hantsi. BN 40 na ciki, gas a kan jan fenti.

Asabar, 15 ga Maris

Mun buɗe tof yau. Kan fistin da fuskar bawul ɗin hayaƙi sun yi wani fari-fari mai ɗan tauri, in ka kankare da farce yana tashi kamar alli, ba irin baƙin kunkunniyar da muka gani lokacin dizal ba. Ba shi da kauri sosai amma a hoto ya fito ƙarara in ka ajiye shi kusa da na 25 ga Janairu. Kawu ya shafa da yatsa ya shinshina ya yi shiru, can yace "to wannan daga ina, ai man ya fi kowanne tsada a wurinsu ko?" Nace Kawu man ba shi da laifi, asid ya zo kashewa bai tarar da shi ba. Ya kira babban yaronsa yace zo ka gani, don akwai masu janareta biyu da suka fara yi masa maganar mayar da su gas tunda mai ya yi tsada.

Na kankare tokar cikin ƙaramar kwalba don a auna nauyinta a kuma duba ko kalsiyam ce da gaske, kar in yi saurin yanke hukunci, ƙurar hunturu ma fara ce.

Kuɗin da ya fita zuwa yau, da ƙarin dizal da gas da kuɗin mota, ya haura dubu 480. Baba ya ba da 200, sauran daga kuɗin gyaran waya da nake yi ne da bashin yayata.

Abin da ya rage: zagayen mai ƙarancin toka da awanni daidai da na BN 40, gwajin asid a tebur bayan sallah, da samfur uku zuwa lab, 36,000 kenan da ban san inda za su fito ba tukuna. Wata 'yar ajinmu da ke haɗa bayodizal daga tsohon man suya ta ce za ta ba ni lita goma, ina so in gwada don shi ba ya ƙafewa daga cikin man juye in ya shiga, taruwa yake, kuma jirage sun fara gauraya shi a mansu. Metanol kuwa, duk da akwai jirage irin su Mein Schiff 7 na 2024 da aka ƙera da shirin komawa kansa, a babin nazari kawai zan taɓa shi, abu ne mai guba da ke kama wuta a digiri 12 kuma harshen wutarsa da ƙyar ake gani da rana, Kawu yace ko ƙofar gareji kar in kawo masa. Gobe wanke inji da sabon gaskit, Litinin a zuba mai na uku.